Sarƙar Dogaro: Abin da Fadamar Haɗeja Ke Koya wa Masu Girka Manhaja

Ranar 14 ga watan Mayu na shekarar 2025, Magatakardan hukumar shirya jarrabawar shiga manyan makarantu ta ƙasa, wato JAMB, Farfesa Ishaq Oloyede, ya tsaya gaban 'yan jarida a Bwari da ke Abuja, ya amsa da bakinsa cewa sakamakon ɗalibai 379,997 bai fito daidai ba. Cibiyoyi 157 abin ya shafa, 65 a Legas, 92 kuma a jihohi biyar na kudu maso gabas. Bisa bayanin hukumar, an yi wa manhajar jarrabawar wani gyara, irin wanda masu sana'ar ke kira faci, amma ma'aikatan kamfanin da aka damƙa wa aikin wannan yanki ba su ɗora gyaran a kan wasu daga cikin manyan kwamfutocin da ke rarraba tambayoyi da karɓar amsoshi ba. Sai ya zamana wani ɓangare na tsarin yana bin sabuwar ƙa'ida, wani kuma yana nan a kan tsohuwa. An sake wa ɗaliban jarrabawa, amma yaron da ya kwana da baƙin cikin makin da ba nasa ba, babu mai iya mayar masa da waɗannan kwanaki.

Cibiyoyin Jihar Jigawa ba sa cikin waɗanda aka lissafa a wancan karo. To amma ɗalibin da ke aji shida a Jahun ko Kafin Hausa ko Auyo, irin wannan tsari ne zai auna shi, haka kuma rahoton haihuwa da rigakafi da asibitocin ƙauyensu ke aikawa kowane wata a cikin irinsa yake shiga. Saboda haka matsalar da ta jawo wancan tashin hankali ta cancanci a fahimce ta tun daga makarantar sakandare, kuma ta cancanci shugabannin makarantu da asibitoci su daina ɗaukarta a matsayin sirrin injiniyoyi. Sunanta a taƙaice shi ne dogaro: kowane ɓangare na manhaja yana rayuwa ne a bisa wasu ɓangarori, kuma duk wanda ya girka shi bai bincika su ba, ya yi gini a kan ƙasar da bai haƙa ya gani ba.

Fatoma da Baƙinsa

Babbar kwamfutar da sauran ƙanana ke tuntuɓa domin neman bayani, ita ake kira uwar garke, kuma sunan ya dace, domin makiyayi ya san saniyar da sauran ke bi. A kan wannan kwamfuta akan zaunar da wata manhaja ta musamman wadda aikinta shi ne ba sauran manhajoji masauki. Ɗaya daga cikin sanannunsu ita ce Tomcat, ta ƙungiyar Apache, wadda ke saukar da manhajojin da aka rubuta da harshen Java. Matsayinta kamar na fatoma ne a zamanin fatauci: shi ke ba baƙo ɗaki, ya tsare masa kaya, ya haɗa shi da masu saye, amma hajar ba tasa ba ce.

Baƙin da ke sauka gidan wannan fatoma kuwa ba su cika zuwa a dunƙule ba. Manhajar zamani akan gina ta ne sashe-sashe. Alal misali, akwai wata manhajar adana bayanan marasa lafiya mai suna OpenMRS, wadda aka fara ginawa a 2004, aka soma aiki da ita a garin Eldoret na ƙasar Kenya a 2006, kuma a kanta aka ɗora tsarin NMRS da asibitoci da dama a Nijeriya suka yi amfani da shi wajen kula da masu ɗauke da ƙwayar cutar ƙanjamau. Tana da gindi guda, sa'an nan a kan gindin ake liƙa sassa: na rajistar majiyyaci, na ɗakin gwaji, na magani, na fitar da rahoto. Kowane sashe yana zuwa da wata 'yar takarda a cikinsa da ke cewa, ba zan tashi ba sai gindin ya kai zubi kaza, kuma sai an riga an girka sashe kaza da kaza. Idan ɗaya ya ɓace, sashen sai ya ƙi motsi. Haka kuma manhajar DHIS2, wadda Jami'ar Oslo ta ƙasar Norwe ke jagorantar gininta, wadda kuma Nijeriya ta ɗauka domin tattara alƙaluman lafiya daga ƙananan hukumomi zuwa jiha zuwa tarayya, ita ma a gidan Tomcat take sauka, tana kuma buƙatar zubin Java da na rumbun bayanai na PostgreSQL waɗanda suka dace da ita.

Hikimar gini sashe-sashe a fili take. Ana iya gyara sashen magani ba tare da an rushe na rajista ba, kuma mutanen da ba su taɓa ganin juna ba suna iya yin aiki a kan gida ɗaya. Sai dai kowace hikima da kuɗinta. Sashen da aka dogara da shi, shi ma yana dogara da wani, wancan ma da wani, har sarƙar ta yi nisan da wanda ya girka na farko bai san da zaman na biyar ba.

Ruwan da Aka Tare a Tiga

Mutumin Haɗeja ya san wannan darasi tun kafin kwamfuta ta zo garinsu. Kogin Kano da na Challawa su ne ke haɗuwa su zama Kogin Haɗeja, ya biyo ta Wudil da Ringim, ya bazu a fadamun da ke tsakanin Haɗeja da Nguru, kafin ya haɗu da na Jama'are su nufi Tafkin Cadi. A da, kogin kan cika ya tumbatsa a ƙarshen damina, ya kuma ja baya har ya kusan ƙafewa da rani. A kan wannan cika da janyewa rayuwar yankin ta ginu. Karfasa da tarwaɗa suna bin ambaliya su hayayyafa a cikin ciyayin da ruwa ya rufe. Manomi ya shuka shinkafa a cikin ruwan, in ya janye ya bi lemar da wake da sauran amfanin rani. Bafillace ya sauko da shanunsa su ci ɗanyar ciyawa. Rijiyoyin ƙauyukan da ke nesa da gaɓa su ma su samu rabonsu ta ƙarƙashin ƙasa.

A 1974 aka kammala madatsar ruwa ta Tiga, a 1992 kuma ta Challawa. Waɗanda suka gina su ba mugunta suka nufa ba, kuma amfaninsu ba ɓoyayye ba ne: birnin Kano yana sha daga gare su, gonakin Kadawa da Kura suna fitar da shinkafa da tumatir da alkama saboda su. Abin da aka canja shi ne lokacin zuwan ruwa da yawansa. Ambaliyar damina ta ragu, ruwan da ake sakowa da rani kuma ya hana magudanai bushewa. Ciyawar kacala, wadda bushewar rani ke taka wa birki a da, sai ta samu abin da take nema, ta mamaye hanyoyin ruwa, laka ta taru a gindinta, wasu rassan kogin suka toshe, ruwa ya karkata da yawa zuwa mashigar Marma ta wajen Nguru. Wani ƙauye ya nutse, wani ya rasa na ban-ruwa. Tsuntsun jan-baki kuma ya samu maɓoya a cikin kacalar, daga nan yake fita ya auka wa gero da dawa da shinkafa.

Abin lura a nan shi ne, babu wanda ya taɓa gonar mai gero. An gyara abu ne can sama, a nisan kilomita ɗaruruwa, amma sarƙar ta biyo daga madatsa zuwa magudana, daga magudana zuwa ciyawa, daga ciyawa zuwa tsuntsu, har ta iso kan zangarniya. Ruwan bai daina zuwa ba. Ya zo ne da wani hali dabam da wanda masu dogaro da shi suka saba. A harshen masu manhaja, an fitar da sabon zubi ba tare da an tambayi waɗanda ke ƙasa ba.

Lambobi Uku da Rigimar Maƙwabta Biyu

Domin kauce wa irin wannan, masu rubuta manhaja da yawa sun amince da wata al'ada ta sanya wa kowane zubi lambobi uku, kamar 2.4.1. Lambar ƙarshe takan canja idan an yi ɗan gyaran kuskure kawai. Ta tsakiya takan canja idan an ƙara sabon abu amma tsohon yana nan yadda yake. Ta farko kuwa gargaɗi ce: idan 2 ta koma 3, to an canja wani abu da zai iya karya waɗanda suka dogara da tsohon hali. Da haka sai sashe ya iya shelanta cewa yana karɓar duk wani zubi daga 2.4 zuwa ƙasa da 3. Al'ada ce mai kyau, amma alkawari ne kawai, kuma ɗan Adam ne ke cika shi ko ya saɓa.

Wahalar gaske tana zuwa ne idan sassa biyu suka dogara da abu ɗaya amma suka saɓa a kan zubinsa. A ɗauka sashen ɗakin gwaji yana buƙatar sashen rahoto na zubi 1, sashen magani kuma an sabunta shi, ba ya aiki sai da zubi 2. Idan aka girka na 1, magani ya tsaya. Idan aka girka na 2, gwaji ya tsaya. Mafi muni shi ne idan aka jefa su duka biyun a wuri ɗaya, fatoma ya ɗauki wanda hannunsa ya fara kaiwa: komai zai tashi lafiya lau da safe, sai ranar da ma'aikaci ya danna wani maɓalli da ba a cika dannawa ba, sa'an nan allon ya cika da saƙon cewa an nemi wani umarni ba a same shi ba. Sashen da ya ƙi tashi tun farko ya yi wa mai shi alheri, domin ya faɗi ciwonsa. Wanda ya tashi da ciwo a ɓoye shi ne abin tsoro.

Mai karatu zai iya cewa, ai sai a gwada zubi-zubi har a dace. To, ga lissafi ga ɗaliban darasin lissafi. Idan sassa 10 ne, kowanne yana da zubi 5, hanyoyin haɗa su sun kai 9,765,625. Idan sassan suka zama 30, adadin ya zama 931,322,574,615,478,515,625. Wasu masu bincike na Turai, cikinsu har da Roberto Di Cosmo, sun nuna a wajajen 2006 cewa wannan matsala tana cikin jerin matsalolin lissafi masu tsauri waɗanda har yau ba a san wata gajeruwar hanya da ke warware kowane irinsu ba. Abin da ya sa ake samun sauƙi a aikace shi ne yawancin sarƙoƙi ba su kai wannan rikicewa ba, kuma akwai manhajojin warwarewa, kamar Maven a duniyar Java, waɗanda ke bin sarƙar su zaɓo abin da suke ganin ya dace. Sai dai zaɓin nasu bisa wata ƙa'ida ce da aka gindaya musu. Maven, alal misali, idan ya tarar da zubi biyu na abu ɗaya, yakan ɗauki wanda ya fi kusa da tushen sarƙar, ko da kuwa shi ne tsoho. Wanda bai san wannan ba zai rantse cewa ya girka sabo.

Akwai wata mafita da masanin ilimin halittu zai gane nan take, domin ƙwayar halitta ta riga kowa yin ta. A cikin ƙwayar halittar ɗan Adam akwai wata 'yar jaka da ake kira laizozom, wadda Christian de Duve na ƙasar Beljiyam ya gano a 1955. Cike take da sinadaran narkarwa masu aiki a cikin tsami, a wajen lamba 5 na ma'aunin pH, alhali ruwan da ke kewaye da ita yana wajen 7. Yanayi biyu masu saɓani suna zaune a ƙwaya ɗaya lafiya, saboda akwai tantani a tsakaninsu mai tantance abin da zai shiga da abin da zai fita. Tsarin OSGi, wanda aka kafa ƙungiyarsa a 1999, irin wannan dabara ya bi: kowane sashe yana cikin jakarsa, ya rubuta abin da yake buƙata daga waje da abin da ya yarda ya bayar, kuma ba a ba shi izinin tashi sai an tabbatar an biya masa dukan buƙatunsa. Ta haka zubi 1 da zubi 2 za su iya zama a gida ɗaya, kowa da abokin hulɗarsa. Kuɗin wannan dabara shi ne ƙarin aiki da ƙarin rikitarwa, shi ya sa ba kowa ke rungumarta ba.

Hatta hanyar gano inda sarƙa ta tsinke, masu nazarin halittu sun daɗe da ita. A 1941 George Beadle da Edward Tatum suka haska wa wani naman gwari mai suna Neurospora hasken da ke lalata ƙwayoyin gado, suka samu waɗansu da suka kasa tsiro a kan abinci mai sauƙi. Sai suka riƙa ƙara musu sinadari ɗaya bayan ɗaya, har suka ga wanda in an ƙara shi tsiro ke dawowa, suka san ke nan a nan ne gadar ta karye. Aikin ya ba su kyautar Nobel a 1958. Injiniyan kirki ma haka yake yi: abu ɗaya yake canjawa a lokaci ɗaya, ya rubuta abin da ya gani. Wanda ya sabunta sassa goma a dare ɗaya, in abu ya lalace, ba shi da hanyar sanin mai laifi.

Ba kuma ƙananan wurare kaɗai abin ke kayarwa ba. A ƙarshen watan Yuli na 2012, wani kamfanin hada-hadar hannun jari a Amurka mai suna Knight Capital ya ɗora sabuwar manhaja a kan uwayen garkensa bakwai, aka manta da ta takwas. Ranar 1 ga Agusta, cikin kimanin minti 45, ya yi asarar fiye da dala miliyan 400. A watan Maris na 2016 wani marubucin manhaja ya janye wani ɗan guntun aikinsa mai layi 11 kacal, mai suna left-pad, daga rumbun npm, sai ga dubban ayyuka a faɗin duniya sun kasa ginuwa, yawancin masu su ba su ma taɓa jin sunansa ba. A Disamba ta 2021 kuma aka gano wata ɓaraka a cikin Log4j, wani ɗan sashe da manhajojin Java ke amfani da shi wajen rubuta tarihin abin da ke gudana, ɓarakar da ke ba ɓarawo damar sarrafa uwar garke daga nesa. Tambayar da ta hana ma'aikatu barci a makon nan ita ce mafi sauƙin tambayoyi: shin muna da shi a cikin kayanmu? Da yawa sun kasa amsawa, domin yana binne a can ƙasan sarƙa.

Abin da Ya Kamata a Nema

A Babban Asibitin Jahun, inda ƙungiyar likitocin sa-kai ta MSF ta fara aiki tun 2008 a kan haihuwa mai wuya da yoyon fitsari, macen da ta zubar da jini bayan haihuwa ba a ɗaura mata leda don kawai jini ne kuma ja ne. Tun da Karl Landsteiner ya bayyana rukunonin jini a 1901, duniya ta koyi cewa sai an duba rukuni, an gwada dacewa, an rubuta. Babu wanda ke kiran wannan ɓata lokaci, ko da kuwa ana cikin gaggawa. Abin takaici ne a ce ma'aikatar da ba za ta yarda a tsallake wannan mataki ba, ita ce kuma za ta bar ɗan kwangila ya zo da 'yar ma'ajiya a aljihu, ya zuba sabon sashe a kan uwar garken da ke riƙe da bayanan dubban mutane, ya karɓi sa hannu ya kama hanyar Kano kafin la'asar.

Abu na farko da ya wajaba duk wata makaranta ko asibiti ko ma'aikata ta nema a rubuce cikin yarjejeniya shi ne jerin kayan haɗi: sunan kowane sashe, da zubinsa, da abin da ya dogara da shi, har zuwa ƙarshen sarƙa. Kwalbar maganin tari ma tana ɗauke da jerin abin da ke cikinta da lambar NAFDAC. Gwamnatin Amurka, a wani umarni na shugaban ƙasa na watan Mayu 2021, ta sa batun irin wannan jeri cikin matakan tsaron manhajar da hukumominta ke saye. Ba abu ne mai tsada ba, domin manhajojin warwarewa suna iya fitar da shi cikin 'yan daƙiƙu. Ɗan kwangilar da ya ƙi bayar da shi, ko dai bai san abin da ya girka ba, ko kuwa yana so a ci gaba da nemansa duk lokacin da abu ya tsaya, kuma kowanne daga cikin biyun dalili ne na a sake tunani.

Sa'an nan a ƙulle zubin, wato a rubuta takamaimiyar lamba maimakon a ce a ɗauko mafi sabo, domin abin da aka gwada ranar Litinin ya zama shi ne aka girka ranar Alhamis. A kuma tanadi wata kwamfuta ta gwaji, ko da tsohuwa ce, mai kama da ta aiki, inda za a fara ɗora kowane sabon abu. Manomi ma ba ya watsa sabon iri a dukan gonarsa a shekarar farko. A ajiye kwafin tsohon tsari da na bayanai kafin a taɓa komai, domin a samu hanyar komawa. Idan kuma uwayen garken suna da yawa, a bi su ɗaya bayan ɗaya a tabbatar kowacce ta karɓi abin da 'yar'uwarta ta karɓa, wani mutum dabam ya sa hannu a kai. Wannan mataki na ƙarshe shi ne wanda ya kuɓuce a labarin jarrabawar 2025 da na kamfanin Amurka na 2012.

Yankin nan yana da wata larura da littattafan Turai ba su cika ambata ba. Manhajojin warwarewa an gina su ne bisa zaton cewa intanet na nan kamar iska, duk abin da aka rasa sai a miƙa hannu a ɗauko daga wani rumbu a Amurka. A Miga ko Guri ko Kiri Kasamma, inda layin sadarwa kan yanke, wuta ta ɗauke ana tsakiyar saukewa, hanya kuma ta yanke idan ruwa ya cika a watan Satumba, wannan zato ba ya tsayawa. Fayil ɗin da ya sauka rabi yana iya zama a wurinsa da cikakken sunansa, ya yaudari mai girkawa. Don haka ya kamata a ce akwai rumbu na gida, a Dutse ko a Haɗeja, mai ɗauke da dukan sassan da aka gwada aka amince da su, tare da lambar tantancewa ta kowane fayil, yadda ma'aikaci zai tafi ƙauye da kayansa cikakku. Jihar da ta zuba jari a harkar sadarwa tun farkon shekarun 2000, ta kafa cibiyar koyar da fasahar kwamfuta a Kazaure, ba za a ce wannan ya fi ƙarfinta ba.

Akwai masu ganin cewa duk wannan wahala ce aka ɗora wa kai, a bar abu yadda yake tunda yana aiki, kada a sabunta komai. Maganarsu tana da ƙamshin gaskiya, domin yawancin karyewa a ranar sabuntawa take faruwa. Amma labarin Log4j ya isa amsa: tsohon sashen da ba a taɓa ba yana iya zama ƙofar da ɓarawo zai shigo, kuma duk shekarar da aka ƙara ana jinkiri, tazarar da za a tsallaka daga baya tana ƙara faɗi, har a kai ranar da masu tsohon zubin suka daina kula da shi gaba ɗaya. Wasu kuma sun ce ai fasahar kwantena, irin su Docker da ta fito a 2013, ta kashe maganar, tunda tana naɗe manhaja da dukan abin dogaronta a ƙunshi ɗaya, kamar yadda ƙwayar gyaɗa ke tafe da guzurin tsironta. Lalle ta rage ciwon kai ƙwarai, kuma ta dace da wuraren da intanet ke da rauni. Sai dai ƙunshi yana ɓoye ruɓaɓɓe kamar yadda yake ɓoye mai kyau, kuma ƙunshin da kansa yana dogara da rumbun bayanai da sauran ƙunsoshi. Sarƙar tana nan, an dai sa ta a cikin buhu.

Saura malamai. Darasin kwamfuta a makarantu da yawa ya tsaya a kan sunayen sassan na'ura da koyon buga rubutu, sau da yawa ma a kan allo saboda babu wuta. Wannan batu kuwa ba ya buƙatar wuta. Malamin ilimin halittu da ya zana sarƙar abinci ta fadama, daga gansakuka zuwa karfasa zuwa masunci, ya riga ya koyar da rabin darasin. Abokin aikinsa na kwamfuta zai iya ɗaukar ɗalibai takwas, ya ba kowanne kati mai sunan sashe da sunayen waɗanda yake jira, ya ce kada wanda ya miƙe sai waɗanda yake jira sun miƙe. Ɗalibai da kansu za su gano cewa akwai tsarin da dole a bi wajen tashi. In ya cire kati ɗaya, za su ga mutum nawa suka kasa tashi. In kuma ya ba Hadiza katin da ke jiran Sani, ya ba Sani katin da ke jiran Hadiza, ajin zai zauna shiru har a buga ƙararrawa, kuma sun ga abin da ake kira dogaro mai zagaye da idonsu. Kwalejin koyar da ma'aikatan lafiya da ke Jahun, da Kwalejin Fasaha ta Binyaminu Usman da ke Haɗeja, da Jami'ar Sule Lamido da ke Kafin Hausa, da Jami'ar Tarayya ta Dutse, daga waɗannan azuzuwa suke ɗibar ɗalibansu, kuma a cikinsu ne za a samu wanda wata rana za a miƙa wa takardar kammala aiki ya sa hannu, ya ce sai ya ga jerin kayan haɗi tukuna.